Horon wata uku na farfaɗo da ƙasa da dashen itace: in biya ko in bari?

Tambaya daga wani matashi a Marwa: "Assalamu alaikum, Baba. Na tsaya da karatu bayan jarrabawar ƙaramar sakandare ta BEPC, yanzu kabu-kabu nake yi da babur ɗin yayana. Na ga sanarwar wata cibiya mai koyar da aikin farfaɗo da ƙasa da dashen itatuwa cikin wata uku, kuɗin shiga jaka 60 (sefa dubu 60), wai in an gama za a ba mutum takarda ya nemi aiki a furoje, wato ayyukan raya ƙasa na ƙungiyoyi ko gwamnati. Ƙanwata ma tana so ta shiga. Horon nan yana da amfani ko asarar kuɗi ce? Kuma wane irin aiki ake samu da shi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka zare kuɗin daga aljihu.

Ka koma wurin masu cibiyar ka tambaye su a wane wata za a fara, a wane wata za a gama, kuma a wane fili za a yi aikin hannu. Amsar da za su ba ka ita ce rabin abin da kake nema, domin sana'ar nan da lokaci take tafiya. Daga Disamba zuwa Maris ake tara iri, sa'ad da 'ya'yan gawo da bagaruwa suka nuna suna zuba. A Fabrairu da Maris ake cika leda da ƙasa, a Maris da Afrilu a shuka, a yi ta ban ruwa safe da yamma cikin zafin nan namu da ke haura digiri 40. Cikin ranin ne kuma ake haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata da ƙananan ramukan shuka da ake kira tassa, a jera duwatsu, don ruwan farko ya tarar da su a shirye. Dashe sai Yuli, bayan damina ta zauna, kuma a ƙasar Marwa da ruwanmu ke wajen milimita 800 a shekara, wanda ya kai tsakiyar Agusta bai gama dashe ba ya makara. Oktoba da Nuwamba na share hanyar tare gobara ne da ƙirga abin da ya rayu. Wata uku ba za su ɗauke wannan duka ba, saboda haka kowane horo yanki ɗaya ne na shekara yake sayar maka. Cibiyar da ta ce za ta koya maka renon itace daga Oktoba zuwa Disamba, a allo za ta koya maka shi. In da zaɓi a hannuna yake, Maris zuwa Mayu zan ɗaukar maka, don a nan reno da gyaran ƙasa suke haɗuwa, kuma kana gamawa ka faɗa lokacin da ake neman hannu ruwa a jallo.

Aiki kam akwai, amma ka san irinsa. A takarda alkawuran manya ne. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, an kafa hukumarsa a Njamena a 2010, kuma burin da aka sa shi ne a farfaɗo da hekta miliyan 100 a samar da ayyuka miliyan 10 kafin 2030. Kamaru ita kaɗai ta yi alkawarin hekta miliyan 12 a 2017 ƙarƙashin shirin farfaɗo da ƙasa na Afirka, AFR100. Kafin waɗannan duka muna da namu Sahel Vert, wanda aka fara a 1977 zamanin Ahmadu Ahidjo, aka sake tayar da shi a 2008. A Minawao kusa da Mokolo, sansanin 'yan gudun hijira da aka buɗe a 2013 ya cinye dajin kewaye da neman itacen girki, har sai da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar agaji ta LWF suka koya wa mazauna sansanin da na ƙauyukan kusa reno da dashe, kuma yau wurin ya yi inuwa. Sai ayyukan nan na HIMO, masu bukatar hannu da yawa, da ake ɗaukar matasa ta hannun meri, wato ofishin magajin gari, a yi haƙa da gyaran hanya da tafkuna.

Abin da ba a rubutawa a jikin sanarwa shi ne mafi yawan waɗannan ayyuka na lada ne, na yini-yini, na 'yan watanni. Ana neman mai riƙe diga da shebur da tura baro. Wannan ba ya bukatar makaranta, kuma furoje mai hankali mutanen ƙauyen da filin yake zai ɗauka, ba ɗan birni mai takarda ba. Duk wanda ya karɓi jaka 60 ɗinka don ya koya maka haƙa rami ya cuce ka. Abin da ya cancanci a biya a koya shi ne abin da zai sa a kira ka kai da sunanka a cikin mutum hamsin masu diga: ka iya gane inda ruwa zai bi, ka iya fitar da tsiro mai lafiya daga iri, ka iya ƙirga ka rubuta gaskiyar abin da ya rayu.

Na ruwan shi ne wanda aka fi rashin masu iyawa. Faƙon nan da muke gani hanyar Mindif da Salak, wanda Fulani ke kira harde, ba rashin ruwan sama ne ya kashe shi ba. Ruwan yana sauka, amma fuskar ƙasar ta toshe, sai ya gudu ya kwashi ɗan abin da ya rage ya tafi da shi mayo, wato kogi. Duk dabarar da za a koya maka, rabin wata ce, tassa ce, jeren duwatsu ne, manufarta ɗaya: a tsayar da ruwan ya nutse. Kuma ba za ta yi aiki ba sai an shimfiɗa ta bisa layin da ƙasa ta yi daidai, ba hawa ba gangara. Ido ba ya ganin wannan layi. Na sha ganin dattawan da suka shekara arba'in suna noma fili suna rantsuwa cewa gangaren gabas ya yi, ruwa ya zo ya bi kudu.

Ma'aunin da ake amfani da shi ba wani abin tsada ba ne. Tiyo ne mai haske, wanda ake ganin ruwa a cikinsa, tsawon mita goma ko fiye, a ɗaure kowane baki nasa a jikin sanda mai zanen santimita. A cika shi da ruwa, a bubbuga har kumfar iska ta fita tas, don kumfa ɗaya ta isa ta ɓata awon yini guda. Sai a haɗa sandunan biyu a wuri ɗaya a ga ruwan ya tsaya a lamba ɗaya, a riƙe lambar. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa, na biyu ya ja tiyon ya yi gaba, ya riƙa matsawa sama kaɗan ko ƙasa kaɗan har ruwan sandarsa ya dawo kan lambar nan, na uku ya kafa turke a wurin. Sai na baya ya wuce gaba, na gaba ya tsaya. Haka za a yi ta yi har a ƙetare filin, kuma in ka waiwaya za ka ga turakun sun yi layi mai lanƙwasa, ba miƙaƙƙe ba. Nan ne sabon shiga yake ɓata aiki, ya ce bari ya miƙe layin ya yi kyau. In rana ta take, ruwan tiyon yana ɗumi ya kumbura, wani kuma ya zube, saboda haka lokaci-lokaci sai an sake haɗa sandunan an duba. Wannan a kwana biyu ake koyonsa, amma sai an yi ta maimaitawa a fili kafin hannu ya faɗa.

A kan layin nan ake zana rabin wata. Wadda aka fi yi faɗinta mita 4 ne, zurfi kamar santimita 20, bakinta na kallon inda ruwa ke fitowa, ƙasar da aka haƙo a tara ta a bayan lanƙwasar a daddanne. Daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan mita 8, tsakanin layi da layi mita 4, a saɓa su yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu zai faɗa ta ƙasansu. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, ka raba da 32, ka samu 313. Wannan lissafin BEPC ɗinka ya ishe shi, kuma shi ne bambancin mai diga da shugaban ayari: na biyun zai iya ce wa injiniya hekta biyar na bukatar rabin wata kaza, mutum kaza, kwana kaza, tunda a ƙasa mai tauri biyu ko uku ƙato yake haƙawa a yini. Haka lissafin dashe: tazarar mita 5 da 5 itace 400 ne a hekta, mita 4 da 4 kuwa 625.

Malamin kirki zai kuma gaya maka inda ba a yin su. Rabin wata a jigawa ɓata ƙarfi ne, yashi zai cike ta kafin damina ta raba. A ƙasar karal mai laka, inda ake dasa masakwa, ruwa kwanciya zai yi ya ruɓar da saiwa. Wajen Garwa da ruwa ya kai milimita 1,000, tare zaizaya aka fi bukata, da jeren duwatsu da layin gamba ko jema. Manoman Diamare kuma tun kafin zuwan furoje suna da tasu dabarar, su yanka faƙo gida-gida da 'yar ganuwar ƙasa irin ta fangali, ruwa ya kwanta a ciki shekara bayan shekara har ƙasar ta buɗe ta karɓi masakwa. In ka hau duwatsun Mandara ka ga matakalar duwatsun da Mafa suka gina suke noma a kai tun kaka da kakanni, za ka rage ɗaukar kanka mai kawo wa mutanen ƙauye ilimi. Tassa ma, wadda Yacouba Sawadogo ya yi suna da ita a Burkina Faso, ramin manomi ce: a haƙa da rani, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanya.

Sai reno, wato pepiniyer. A nan zan daɗe, don a ganina nan abincinka yake ko da furoje ko babu. Kowane iri da halinsa. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa ɓawonsu tauri gare shi, in ka shuka su haka nan sai ka yi ta jira. Ana tafasa ruwa a sauke, a zuba irin a ciki a bar shi ya kwana, ko a ɗan ɓantare gefen ɓawon da abin yanke farce, nesa da idon tsiro. Manyan gandaye suna amfani da asid, amma kada ka taɓa shi ba tare da wanda ya iya a kusa da kai ba. Dakwara ba ta son wannan azaba, jiƙo a ruwan sanyi ya ishe ta. Dogon yaro kuwa irinsa ba ya ajiyuwa, 'yan makonni kaɗan ya mutu, sai a tsince shi sabo a wanke a shuka. Wani abu da tsofaffin masu reno suka sani: ƙwayar gawon da ta bi ta cikin akuya ta fito a kashinta, ta riga ta sha magani. Ka je turken awaki da rariya.

Ƙasar leda haɗi ce, ƙasar gona da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki ƙona tsiro yake yi. A huda ledar a ƙasa don ruwa ya fita. Amma abin da ke raba gwani da ɗan koyo yana ƙarƙashin ledar ne, inda ba a gani. Itatuwan ƙasarmu saiwa suke fara yi kafin ganye. Ɗan gawo da bai kai tsawon yatsa ba, uwar saiwarsa ta riga ta kai gindin leda. In an bar shi wuri ɗaya, ko dai ta huda ta shige ƙasa, ranar ɗauka a fizge ta ta tsinke, ko ta naɗe a gindin ledar ta yi gammo. Tsiro mai naɗaɗɗiyar saiwa zai yi kore shar a lambu, a dasa shi ya yi damina lafiya, Maris na zuwa ya bushe, a ce rani ne ya kashe shi, alhali tun a leda ya mutu. Maganin shi ne duk bayan mako biyu ko uku a ɗaga kowace leda a matsar da ita, a datse saiwar da ta leƙo da wuƙa mai kaifi, ranar dashe kuma a yanke gindin ledar gaba ɗaya, a tsaga gefe a cire ta. Kana iya zuwa filin da aka yi bikin dashe ka tona, ka tarar da itacen a binne da ledarsa. Saura mako biyu ko uku a dasa, a rage ruwa a janye rumfa, tsiron ya saba da wahalar da zai tarar. In ka je duba cibiyar nan, ka ɗaga leda ɗaya daga tsakiyar layi ka duba ƙarƙashinta. In ta manne da ƙasa sai ka ja da ƙarfi, ka san irin malaman da ke wurin.

A cikin reno akwai aure, wato haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani tsiro, kuma shi ne mai kawo kuɗi a hannu. Mangwaro ɗan aure, lemo, gwaiba, da magaryar da ake aura wa irin Indiya mai manyan 'ya'ya, waɗannan mai lambu da Alhajin da ya gina sabon gida za su zo har inda kake su saya da kuɗinsu, ba sai Turawa sun sa hannu a takarda ba. Bagaruwa da dakwara da dogon yaro sai furoje ko meri ke saye da yawa, kuma su kan yi odar dubbai su zo ɗauka a makare, ko kuɗin ya maƙale a ofis. Akwai shekarar da wata ƙungiya ta sa muka rena mata tsirrai, motarta ba ta iso ba sai cikin Satumba, saboda ana jiran babban baƙon da zai dasa na farko a gaban kyamara. An dasa, an yi tafi, an ci shinkafa. Ruwa biyu aka ƙara yi damina ta ɗauke. Saboda haka mai reno mai wayo yakan raba lambunsa, wani ɓangare na kasuwa, wani na oda, kuma ba ya cika leda ɗaya ta oda sai an ba shi kafin alƙalami.

Akwai kuma aikin da ba ya bukatar leda sam, kuma ni na fi yarda da shi a kan dashe. A gonakinmu kututturan sabara da kalgo da gawo da magarya suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara su tofo, kowace shekara a sassabe su a ƙone. Sassaben zamani shi ne a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a bari, a sare sauran, a rage rassan ƙasa da adda mai kaifi ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Tunda saiwar tsohuwa ce mai zurfi, girman da zai yi a shekara biyu dasasshe ba zai yi shi a biyar ba. Da wannan 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka mayar da itace kan hekta wajen miliyan 5 tun daga shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a Maraɗi. Mu ma nan an yi makamancinsa a shekarun 1990, sa'ad da shirin DPGT na kamfanin auduga SODECOTON ya riƙa ba manomi tukwicin sefa 100 cikin shekara uku a kan kowane ɗan gawon da ya kare a gonarsa, ana shafa wa itacen fenti don a gane shi. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma gawon da ke tsaye a gonakin auduga da dawa da yawa daga nan suka samo asali. Horon da bai kai ku gona kun riƙe adda kun yi wannan ba, ya bar babban abu.

Kada ka ɗauka kuma farfaɗo da ƙasa itace ne kawai. Da aka gina madatsar Maga a 1979, ambaliyar Logone ta daina isa wani babban yanki na fadamar Waza, ciyawa mai daɗewa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya suka watse. A 1994 aka sake buɗe wa ruwan hanya, ciyawa da kifi da shanu suka fara dawowa ba tare da an dasa ko ɗan tsiro ba.

Ƙirga ba shi da daɗin faɗa amma shi ke sa a riƙe mutum bayan an sallami masu diga. Masu ba da kuɗi yanzu sun gaji da jin "mun dasa dubu ɗari", suna tambayar kashi nawa cikin ɗari suka ga damina ta biyu. Ana neman yaron da zai zagaya fili da waya ya ɗauko iyakarsa da GPS, ya cika fom a manhajar KoboCollect, ya ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowane wata, ya rubuta rahoton shafi guda da Faransanci mai karantuwa. Kana da waya, kana da babur, ka san hanyoyi. Wannan kaɗai ya sa ka gaban mutane da yawa. Sai dai wata rana za a ce maka ka ɗan gyara lambar. Kada ka gyara. Garin nan ƙarami ne, injiniyoyin da ke yawo daga wannan furoje zuwa wancan su ɗin dai ne, kuma suna tuna yaron da ƙirgensa ya yi daidai da abin da suka tarar a fili.

Abin da babu cibiyar da za ta koya maka a wata uku shi ne zama da mutane. Akuya da gobara da gatari sun fi fari kashe dashe. Filin da ba a zauna da lawan da jauro an san na wane ne ba, filin da ya tare burtali, filin da aka killace da waya ba a tambayi makiyayan da ke sauka wurin kowace kaka ba, ko ka shayar da shi da madara ba zai tsaya ba. A wurare da yawa wanda ya ari gona ba shi da ikon dasa itace a cikinta, don dasa itace tamkar cewa ne gonar tasa ce. In Fulatancinka bai nuna ba ka gyara shi, in kuma wajen Kuseri ko Cadi kake hari to sai da Larabcin Shuwa. Aikin da aka ce a bakin iyaka yake, ta Mayo-Sava ko Mayo-Tsanaga ko bakin tafki, ka tambayi mutanen wurin halin tsaro da kanka kafin ka amsa, kada ka tsaya ga maganar mai ɗaukar aiki.

Game da takardar: ka tambaye su ko ma'aikatar koyar da sana'a, MINEFOP, ta amince da cibiyar, ka je ofishin ma'aikatar a nan Marwa ka tabbatar. Ka nemi su haɗa ka da mutum biyu ko uku da suka gama bara, ka ji daga bakinsu abin da suke yi yanzu. Ka tambaya ko akwai sitaj, wato koyon aiki a wurin aiki, a ina, wa zai karɓe ku. Kuma ka sani takardar wata uku ba ta mayar da mutum ma'aikacin gandun daji na gwamnati. Wannan hanyarsa makarantar Mbalmayo ce, wadda take nan tun 1949, kuma da jarrabawar shiga ake zuwa. Makarantar namun daji ta Garwa da aka buɗe a 1970 da Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 su ma karatun shekaru ne. Wanda ya ce maka takardarsa za ta sa ka saka kaki, ka riƙe kuɗinka. Ka leƙa ofishin FNE, hukumar samar da aiki ta ƙasa, ka yi rajista, ka riƙa bi ta meri da ofishin muhalli da na gandun daji kana duba allon sanarwa, domin sau da yawa furoje da kansa yake horar da waɗanda zai ɗauka, kyauta, har da kuɗin mota. In aka yi maka tayin aikin wata-wata, ka tuna a 2023 an tsayar da mafi ƙarancin albashin fannin noma a Kamaru kan sefa 45,000, ka auna da abin da babur ke kawo maka, ka kuma tambayi wata nawa kwantiragin zai yi.

In cibiyar ta faɗi wannan jarrabawa, ga abin da zan ce ka yi da jaka 60 ɗin. Ka je wurin masu lambun reno na bakin mayo ka sami dattijon da tsirransa suka fi lafiya, ka gaishe shi da goro, ka ce kana son ka riƙa zuwa da asuba kana taya shi ban ruwa da cika leda ya koya maka aure. Ba zai ƙi hannun kyauta a watan Maris ba. Da hantsi ka hau babur ɗinka ka nemi na cefane. Kuɗin kuma ka sayi leda da butar ban ruwa da wuƙar aure da tiyon awo, ka fara da 'yan ɗaruruwa a gida, in dai kuna da rijiya ko famfon da ba ya ɗaukewa a Afrilu. Ruwan nan ka fara tabbatar da shi kafin komai, don lambun reno ba ya yafe kwana biyu babu ban ruwa. In kuwa cibiyar ta ci jarrabawar, tana da fili, tana da lambu mai kyau, watannin sun dace, to kuɗin bai yi yawa ba, ka shiga, amma ko a hakan kada ka mayar wa yayanka makullin babur.

Ƙanwarka kuma kada a hana ta. Lambunan reno da yawa mata ne ke riƙe da su, kuma a wajen aure da tsinkayar ƙananan tsiro hannunsu ya fi namu natsuwa. Tara iri da tsabtace shi sana'a ce mai zaman kanta, haka zogale, haka gina murhu mai tsimin itace. Ƙungiyoyi kuma suna neman mata masu karatu da za su shiga gidaje su yi magana da matan da ke fita neman itace, inda kai ba za a bar ka ka wuce zaure ba. Sai dai ba na ganin dalilin ku biya jaka 120 ku biyu ku koyi abu ɗaya. Ɗaya ya shiga ya riƙa koya wa ɗayan da yamma, in ya so ku haɗu da wasu abokai ku yi rajistar GIC, wato ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa, don meri da furoje sun fi son ba ƙungiya oda a kan mutum ɗaya.

In wata rana ka ƙetara gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, Cadi tana cikin ƙasashe 11 na asalin Babbar Ganuwar, tana da hukumarta ta shirin, kuma tana sahun gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, bayan Sudan. A can dakwara dukiya ce. Tana kai shekara huɗu ko biyar kafin a fara tsaga ta, ana yi bayan damina in ganyenta ya fara zuba, a ɗan ɓare ɓawon reshe ba tare da an ji wa itacen ciki rauni ba, a dawo bayan 'yan makonni a tsinci ƙaron a shanya a inuwa bisa tabarma, ba a ƙasa ba, don yashi da ɓawo ke karya masa farashi. Mu ma muna da dakwarar a nan arewa, masu iya tsagar ne ba su da yawa. In cibiyar taku tana da malamin da ya iya wannan, ka tambaya ko za su bari ku dawo a Nuwamba ku gani da idonku.